Takardun shari'ar da 'yan jarida ba su da ikon bugawa a Amurka

A Amurka, kafin a fara sauraron ƙarar neman diyya, doka na tilasta wa ɓangarorin biyu su miƙa wa juna takardu, a kuma yi wa shaidu tambayoyi bisa rantsuwa. Galibin ƙararrakin da sulhu suke ƙarewa, don haka abin da aka tono a wannan mataki ba ya zuwa gaban jama'a. To, ɗan jarida na da ikon bugawa?

Kotun Ƙolin ƙasar ta amsa a 1984. Keith Rhinehart, shugaban ƙungiyar addini ta Aquarian Foundation, ya maka jaridar Seattle Times a kotu bisa zargin ɓata suna. Alƙali ya umarce shi ya miƙa sunayen mabiyansa da masu ba shi gudummawa, amma ya hana jaridar wallafawa, domin mabiyan sun ce ana yi musu barazana. Kotun Ƙolin ta amince da hanin ba tare da saɓani ba: bayanin da ikon kotu aka samo shi, amma jaridar na iya bugawa idan ta samu ta wata hanyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne, sau da yawa lauyoyi ne ke shirya yarjejeniyar sirrin a tsakaninsu, alƙali ya sa hannu kawai.

Ƙarar da Virginia Giuffre ta shigar kan Ghislaine Maxwell an sasanta ta a 2017, takardun na kulle. Jaridar Miami Herald ta nace, har kotun ɗaukaka ƙara ta fara buɗe su a 2019. Wasu sai a Janairun 2024 suka fito.