Labarin da ke bakin tsofaffin matan Assakio

A shekarar 1949 wata Baturiyar Ingila mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa, ƙasar Zazzau, tana rubuta duk abin da ta faɗa mata. Tsohuwar ita ce Baba, mutuniyar Karo. Ta ba da labarin harin masu kama bayi, da zuwan Turawa, da aurarrakinta, da ƙawance, da bori. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ba sarauniya ba ce, ba malama ba ce. Mai sauraro ta samu, shi ke nan.

Ni 'yar Assakio ce, gabas da Lafia. A gida Alago muke yi, a kasuwa Hausa. Duk lokacin da na tuna da Baba sai in dubi matan da ke kai doya da rogo kasuwarmu, in tambayi kaina nawa ne irinta a cikinsu.

Ba wai matan Arewa sun yi shiru ba ne. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa tura malamai mata da ake kira jaji, jagororin ɗalibanta 'Yan Taru, zuwa ƙauyuka da waƙoƙin karantarwa, kuma yau akwai mata Musulmi baƙaƙen fata a Pittsburgh ta Amurka da suka ɗauki sunan 'Yan Taru da tsarinsu. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da littafinta So Aljannar Duniya a 1980. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu ya kai har Indiya, inda aka buga fassararsa ta Turanci a 2012. Zaynab Alkali kuwa a nan jiharmu ta koyar, a jami'ar Keffi. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta mata zalla, kuma labarin da ya fara lashe ta, na Aisha Muhammad Sabitu, a kan zaman sansanin 'yan gudun hijira ne.

Wannan labarin ya taɓa ni ƙwarai, domin mu ma mun yi gudu. A rikicin Satumban 2013 an ƙona gidaje a Assakio, mata suka kwashi yara suka nufi Lafia. Jaridu sun ƙirga gawawwaki, sun ji ta bakin 'yan siyasa da sarakuna. Wadda ta goya jikanta ta ratsa gona cikin dare, wadda ta dawo ta tarar da rumbunta ya zama toka ta kuma sake shuka a daminar gaba, ita ce ta san ainihin abin da ya faru, ita ce kuma ba a tambaya ba. Gasar rubutu, duk da alherinta, ba ta isa wurinta. Ba ta rubutu, kuma abin da ke cinta a zuci da harshen Alago yake fita.

Shi ya sa na fara ɗaukar muryoyin irin waɗannan mata, da gwaggona na soma. Na same ta tana feren rogo a tsakar gida, na kife turmi na ɗora waya a kai. Ta dubi wayar, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, wa zai so jin surutun tsohuwa?" Na ce, "Gwaggo, jikarki da ke Jidda." Sai ta aje wuƙar. Ba da rikici ta fara ba. Ta fara da uwarta, wadda ke zuwa Keana sarin gishiri, inda dafa gishiri sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Ta kwatanta yadda ake tace ruwan a dafa shi har ya daskare, da yadda uwar take ɗaure ribarta a bakin zani ba mai taɓawa. Sai can da rana ta yi sanyi ta gangaro kan daren gudun, a nan muryarta ta sauya, ta bar Hausa gaba ɗaya.

Na tura wa jikar sautin ta WhatsApp. Yarinyar tana aikatau a can, Larabci da Hausa take ji kullum, harshen gida ya fara yi mata nauyi a baki. Ta dawo da saƙon murya tana kuka: "Kaka, ki ƙara. Ki faɗi sunayen 'yan uwan mamarki, ina so in haddace." Daga baya ta tura wa wata 'yar garinmu da ke aikin jinya a Ingila, ita ma ta aiko tana roƙon a je wurin mahaifiyarta.

Wasu sun ba ni shawarar in juya komai zuwa Hausa ko Turanci don ya yi nisa. Zan fassara, amma sautin asali ba zan taɓa shi ba. Baba ta Karo da Hausa ta yi magana, duniya kuwa da Turanci ta san ta, kuma babu wanda zai sake jin yadda take jan kalma ko inda take dariya. Mu muna da abin da Mary Smith ba ta yi aiki da shi ba, wato waya, tana cikin jakar kowace 'yar sakandare. Mahaifiyar ma'aikaciyar jinyar nan ta amince, ta ce in zo bayan an gama haƙar doya.