Yadda kwamfutocin ƙasashe arba'in suke haɗuwa kan aiki guda

A kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Jeneba, akwai wani rami mai siffar zobe a ƙarƙashin ƙasa. Zurfinsa ya kai kamar mita 100, kewayensa kuma kilomita 27. Cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ake kira CERN ce ta mallake shi, kuma a cikinsa ta girke na'urar LHC wadda ta fara aiki a 2008. Aikin na'urar shi ne ta kori wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa kamo na haske, sannan ta gwara su. Masana suna duba ɓaraguzan da karon ya watsar don su gane abin da aka gina duniya da shi. Abin da ya ja hankalina a nan shi ne abin da ke biyo bayan karon: wa zai lissafa duk wannan, kuma da wace kwamfuta?

Mu fara da girman matsalar. Tarin ƙwayoyin nan suna gittawa da juna sau miliyan 40 a kowace daƙiƙa. Manyan na'urorin ɗaukar hoto da aka kafa a wuraren karon, irin su ATLAS da CMS, kowane hoto guda da suka ɗauka yana cin kimanin megabayit ɗaya. Da za a ajiye duka, da sai a cika faifan ajiya na kwamfutar tafi-da-gidanka kusan arba'in kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Babu ma'ajin da zai ɗauki wannan. Saboda haka matakin farko shi ne zubarwa. Wasu na'urorin lantarki da ke dab da wurin karon suna yanke hukunci cikin ƙanƙanin lokaci, su rage hotuna miliyan 40 zuwa kamar 100,000 a daƙiƙa. Daga nan wata rundunar kwamfutoci ta sake tacewa, ta bar 'yan dubbai. Abin da aka zubar ya tafi ke nan har abada, shi ya sa masana suke daɗewa suna muhawara a kan ƙa'idojin wannan tacewa kafin a kunna na'ura.

Ko bayan wannan tankaɗe da rairaya, abin da ya rage yana wuce fetabayit ɗari a shekara, kuma fetabayit ɗaya gigabayit miliyan ɗaya ne. Tun kafin a gama gina LHC aka gane cewa CERN ita kaɗai ba ta da kuɗi ko wurin da za ta ɗauki wannan nauyi. Akwai kuma wani dalili na siyasa da bai kamata a ɓoye ba: gwamnatocin da ke ba da kuɗi sun fi son a sayi kwamfutocin a girke su a jami'o'insu na gida, ɗalibansu su koyi sarrafa su, da a tura kuɗin wata ƙasa. Sai aka ce to, kowa ya ajiye nasa a gida, mu haɗa su ta waya. Haka aka samu tsarin da ake kira WLCG, wanda ya haɗa cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40, da ƙwaƙwalen lissafi sama da miliyan ɗaya.

An jera cibiyoyin hawa-hawa. CERN ce tushe: ita ke karɓar ɗanyen bayani, ta rubuta kwafin farko a kan tef na maganaɗisu, irin na kaset amma mai ɗaukar kaya da yawa. Har yau tef ake amfani da shi, domin yana da araha, yana daɗewa, kuma ba ya shan wuta idan yana ajiye a kan kanta. Daga CERN sai a tura kwafi na biyu ta keɓantattun wayoyin gilashi zuwa manyan cibiyoyi goma sha wani abu, irin su Fermilab da Brookhaven a Amurka, da Karlsruhe a Jamus, da Lyon a Faransa, da Bologna a Italiya. Waɗannan ba sa barci, dare da rana suna aiki. A ƙarƙashinsu akwai jami'o'i da cibiyoyi fiye da ɗari, ciki har da cibiyar manyan kwamfutoci ta Afirka ta Kudu da ke Cape Town, kuma a wannan hawa ne ake yin yawancin bincike na yau da kullum.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa wannan tsari ya yiwu, domin shi ne zuciyar maganar. Kowane karo zaman kansa yake yi. Abin da ya faru a hoto na farko bai shafi na biyu ba. Don haka ana iya ɗaukar hotuna miliyan ɗari a kasa su kashi dubu, a ba kowace kwamfuta kasonta, ta yi lissafinta ba tare da ta tambayi maƙwabciyarta komai ba, a ƙarshe a tattara sakamako. Kamar gayya ce a gona: kowa ya kama kunyarsa ya yi gaba, wanda ya gaji wani ya karɓa, ba sai an haɗu ba sai a bakin gona. Idan wata kwamfuta a Italiya ta mutu a tsakiyar aiki, kasonta kawai za a sake turawa wani wuri, sauran ba su ma san an yi ba.

Mu bi ɗaliba guda mai neman digirin digirgir, tana zaune a ɗakinta da ƙaramar kwamfuta. Ta rubuta 'yar manhaja da ke cewa: a duba duk hotunan shekara kaza, a ware mini waɗanda ƙwayoyin haske biyu masu ƙarfi suka fito a cikinsu. Da farko sai ta gabatar da shaidarta ta lantarki, wadda ke tabbatar da cewa ita ce, kuma tana cikin ƙungiyar binciken. Wannan shaida ita ce ke sa wata cibiya a Kanada ta yarda ta buɗe wa baƙuwar da ba ta taɓa gani ba ƙofar kwamfutocinta. Sannan ta aika buƙatarta. Wata manhaja mai rabon aiki ta duba kundin da ke nuna inda kowane fayil yake, ta yanka buƙatar gunduwa-gunduwa, ta tura kowace gunduwa wurin da bayanan suke ajiye. A kula da wannan dabara: manhajar ɗalibar ƙarama ce, bayanan kuwa dutse ne, saboda haka ƙaramin ake kai wa babban. Bayan wasu sa'o'i ko kwana ɗaya, sakamakon ya dawo mata a 'yan fayiloli da za ta iya buɗewa a kan teburinta. Ba ta san ƙasashe nawa suka yi mata aiki ba, kuma ba ta buƙatar ta sani.

Ta wannan hanya aka gano ƙwayar da ake kira Higgs, wadda aka sanar ranar 4 ga Yuli, 2012. Ƙwayar ba ta fitowa ko sau ɗaya a cikin karo biliyan ɗaya, kuma an samu damar tace bayanan da aka ɗauka makonni kaɗan kafin ranar sanarwar. Shugaban CERN na lokacin, Rolf Heuer, ya ambaci wannan haɗakar kwamfutoci a cikin abubuwan da nasarar ta dogara da su.

Sai dai kada a ɗauka kowane aiki ne ke rabuwa haka. Ɗauki hasashen yanayi. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai tana yanka sararin samaniya zuwa ƙananan akwatuna, faɗin kowanne kimanin kilomita 9, a hawa 137 daga ƙasa zuwa sama. Iskar da ke wannan akwati tana shiga na kusa da shi, don haka a kowane taki na lissafi dole kowace kwamfuta ta ji daga maƙwabtanta kafin ta ci gaba. Saƙo daga Turai zuwa tsakiyar Amurka ya je ya dawo yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ga ɗan Adam wannan ba komai ba ne, amma kwamfuta tana iya yin lissafi miliyoyi a wannan jira. Irin wannan aiki sai an tara injinan a ɗaki guda, an ɗaure su da gajerun wayoyi masu tsananin sauri. Tun a 1967 Gene Amdahl ya nuna iyakar abin: idan kashi ɗaya cikin goma na aiki ba ya rabuwa, to ko kwamfuta miliyan ka tara ba za ka ninka saurinsa fiye da sau goma ba. A ganina wannan ce tambayar farko da duk wata jami'a ko masana'anta ya kamata ta yi kafin ta kashe ko sisi: aikin namu mai rabuwa ne, ko mai cuɗanya?

Masana'antu suna da iri biyun. Kamfanin fim ɗin zane yana raba hotunansa ɗaya-ɗaya ga dubban kwamfutoci, kamfanin magani yana gwada miliyoyin sinadarai kowanne daban. Mai ƙera mota kuwa, idan yana kwaikwayon yadda ƙarfe zai lanƙwashe a hatsari, aikinsa irin na masu yanayi ne. Daga 2006, da Amazon ya fara ba da hayar kwamfutoci ta intanet, ƙaramin kamfani ma yana iya ɗaukar dubu na 'yan sa'o'i ya biya ya sallame su.

Injina rabin labarin ne. Ƙungiyar masu aiki da na'urar ATLAS kaɗai tana da masana kusan 3,000, kuma wata takarda da ATLAS da CMS suka fitar tare a 2015 ta ɗauki sunayen marubuta fiye da 5,000. Mutane masu wannan yawa, a warwatse a duniya, dole su sami wurin ajiye takardu da tsara taro da gyara rubutun juna. Wannan buƙata ce ta sa Tim Berners-Lee, yana aiki a CERN a 1989, ya gabatar da shawarar tsarin shafukan da muke buɗewa a intanet a yau. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, CERN ta sake shi kyauta ga kowa.

Ɓangaren ilimi shi ya fi faranta mini rai. Tun 2014 CERN ta buɗe wani shafi inda take zuba ainihin bayanan karon, tare da manhajar karanta su, ba tare da neman ko kwabo ba. A 2017 wasu masana a jami'ar MIT, waɗanda ba sa cikin ƙungiyar CMS, suka buga bincike da waɗannan bayanai. Kowace shekara kuma ana gayyatar ɗaliban sakandare a ƙasashe da dama su yini a jami'a mafi kusa da su, a ba su hotunan karo na gaske su tantance da idonsu, da yamma a haɗa su ta bidiyo da takwarorinsu na wasu ƙasashe su kwatanta abin da kowa ya samu. Malamin kimiyya a Zariya ko Damagaram yana da ikon sauke irin waɗannan bayanai yau ɗin nan ya koyar da su. Abin da zai tsaya masa a gaba shi ne wuta mai ɗorewa da layin intanet mai faɗi, kuma don wannan ne aka kafa hanyoyin sadarwa na jami'o'i irin su NgREN a Najeriya da WACREN mai haɗa yammaci da tsakiyar Afirka.

Ana shirin ƙara wa LHC ƙarfi ta yadda, daga wajen 2030, yawan karon da za ta tara zai ninka kusan sau goma. Kuɗin sayen kwamfutoci ba zai ninka haka ba, shi ya sa masu tsarin suka duƙufa wajen sake rubuta manhajojinsu domin su yi aiki a kan na'urorin sarrafa hoto, irin waɗanda aka fara ƙerawa don wasannin kwamfuta, da kuma aron lokaci daga manyan kwamfutocin ƙasashe idan sun sami sarari.