Hikimar Zaɓen Taya, Daga Fagen Tsere Zuwa Hanyar Boɗinga

Masu tseren motoci na Formula 1, waɗanda suke kashe dukiya mai ɗimbin yawa a kan inji da ƙira, sun daɗe da tabbatar da cewa duk ƙarfin mota a wuri huɗu yake taɓa ƙasa, saboda haka babu shawarar da suke yi wa tadabburi kamar ta taya, musamman ranar Asabar, sa'ad da ake gwajin share fage domin a san wanda zai tsaya a sahun gaba ranar Lahadi.

Tun 2006 gwajin nan zango uku ake yin sa, ana zubar da masu nawa a na farko da na biyu, har goma su rage. Kamfanin Pirelli, wanda shi kaɗai yake ba da taya tun 2011, yakan kawo iri uku na busasshiyar hanya: mai jan zobe, mai taushi, wadda take kama kwalta amma ba ta jimawa, mai rawaya, matsakaiciya, da mai fari, mai tauri da juriya. Da yake bisa al'ada saiti 13 kacal ake ba kowane direba, wanda ya ƙone jajayensa tun zangon farko don tsoron faɗuwa, zai iso na ƙarshe da ƙarancinsu. Daga 2014 zuwa 2021 ma doka ta wajabta wa goman farko su fara tseren da tayar da suka yi mafificin gudunsu da ita a zango na biyu, sai ya zama mai hangen nesa yakan yi kasadar ɗaura matsakaiciya, ya haƙura da ɗan sauri yau domin ribar gobe.

Asalin al'amarin zafi ne, gama roba tana da mizanin da take aiki a cikinsa; in ta yi sanyi sai santsi, in ta wuce haddi sai lalacewa. Ban da zafi ma, a Indiyanafolis ta Amurka a 2005, motoci shida ne kawai suka yi tsere, domin tayoyin Michelin sun gaza ɗaukar wata kwana.

To, direban da yake ɗauko fasinja daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Jega da bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, wannan hukunci ne a kansa, illa dai shi rayukan bayin Allah yake ɗauke da su. Iska tana kumbura da zafi, lodi yana ƙara wa taya wahala, roba kuwa tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyu na mako, biyu na shekarar ƙira, waɗanda ya kamata a karanta kafin a biya kuɗin ta-hannu. Sa'an nan a tsaya wurin mai faci a auna iska da safe, tun taya ba ta ɗau zafi ba. Tawakkali na gaskiya bayan riƙon sababi yake zuwa.