Fadama da Dabarun Sarrafa Ruwa a Ƙasar Birnin Kudu

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda manoman ƙasar Birnin Kudu da Gwaram suke sarrafa ruwa, tare da kwatanta dabararsu da ta mutanen ƙasar Holan.

Duk wanda ya hau keke da rani ya ratsa wannan yanki zai ga ƙasa iri biyu. Akwai jigawa, wato tudu mai rairayi da ba ya riƙe ruwa, akwai kuma fadama, wato kwari mai laka inda ruwa kan kwanta da damina, ya bar danshi har cikin bazara. A fadama ake yin lambu, a shuka albasa da tumatir da rake.

Tun kafin zuwan inji, da jigo ake ban ruwa. Akan kafa gwafanni biyu a bakin rijiya ko gulbi, a gicciya itace, a ɗaura doguwar sanda a kansa. A ƙarshenta ɗaya akwai guga, a ɗayan kuwa curin laka, wanda nauyinsa ke ɗago gugan idan ya cika. Sai a zuba ruwan a magudana, ya bi fangali bayan fangali. Shirin raya fadama da gwamnatin tarayya ta fara da rancen Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan injuna da rijiyoyin burtsatse, har jigo ya ja baya.

Su kuwa mutanen Holan, korar ruwa suke yi, domin kusan rubu'in ƙasarsu yana ƙasa da doron teku. Sukan kewaye fadama da ganuwa, su janye ruwanta, su mai da ita gona. Alal misali, a Kindadaik akwai injunan iska 19 da akasarinsu aka gina wajen 1740 saboda wannan aiki, kuma a 1932 suka datse wani sashe na teku da ganuwa mai tsawon kilomita 32. A kan irin waɗannan ganuwoyi masu kekuna suke bi.

Abin lura shi ne, tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa, inda masu gonaki ke raba wa juna nauyin gyaran ganuwa, domin ɓarakar mutum ɗaya takan cinye gari. A nan ma haka lamarin yake. Inji yana jan ruwa fiye da jigo nesa ba kusa ba, saboda haka idan na sama ya wuce kima, na ƙasa ya rasa. Har ila yau, lambun da ya toshe burtali ya raba makiyayi da mashaya, daga nan kuwa husuma ke tashi.

A taƙaice, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are tun 1976, amma rabon ruwan fadamar ƙauye yana bukatar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi da masunci, a gaban dagaci da sarkin noma, tun kafin ruwa ya janye.