Yini Ɗaya a Fadamar Baturiya

Kwanakin baya yaran gidanmu suka ga hoton wani tsuntsu a jikin kalanda, yana tsaye kamar mutum, bayansa baƙi, ƙirjinsa fari. Suka ce, "Baba, wannan fa?" Muka gaya musu sunansa fengwin, ba ya tashi sama, iyo ne gwanintarsa, kukansa kuwa kamar na jaki. A Afirka ta Kudu, daga birnin Cape Town, akwai wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Mutane sukan ɗauki yini guda su zaga shi. Da safe su shiga jirgin ruwa a Hout Bay su kalli wata dabbar teku mai suna sil, wadda fuskarta ta yi kama da ta kare, da rana kuma su tsaya a gaɓar Boulders, inda waɗannan tsuntsaye suka soma zama a shekarar 1982.

Sai ƙaramarsu ta ce, "To, yaushe za mu je?" Muka yi dariya, gama tafiyar ta fi ƙarfin aljihunmu. Amma muka tuna kogin nan da muke ƙetarewa kullum a gadar Wudil yana da nasa abin kallo.

Kogin Kano da na Challawa sukan haɗu kafin su iso Wudil, sa'an nan ruwan ya nufi Haɗeja. Can gaba ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are, ya bi kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Cikin waɗannan fadamu garin Baturiya yake, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa. A shekarar 2008 aka sa wurin cikin jerin fadamun da duniya ta yi alkawarin kiyayewa, bisa ga yarjejeniyar Ramsar ta 1971.

Wata Asabar cikin watan Janairu muka yi asubanci, da guzurinmu na dafaffen ƙwai da ƙuli-ƙuli da ruwan sha. Muka bi ta Gaya da Jahun da Kafin Hausa, muka ratsa Haɗeja. Da isarmu muka fara gaida manyan gari, aka haɗa mu da wani masunci wanda ya san wurin. Ya ce da yaran, "'Ya'yana, in kuna so ku ga tsuntsu, sai ku bar surutu a gida."

Da suka yi shiru, sai ga kirinjijiya garke guda suna ta fito, ga dinya, ga zalɓe tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, ga balbela kamar an baza auduga. Masuncin ya nuna mana wata 'yar agwagwa mai farin zane bisa ido, ya ce baƙuwa ce. Gaskiyarsa kuwa. A Turai da ƙasar Rasha take ƙyanƙyashe 'ya'yanta. In sanyi ya matsa can, sai ta ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, ta yi hunturu a nan, ta koma wajen watan Maris. Ba ta da fasfo, ba ta tambayar hanya.

Amma akwai abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Ya nuna mana wata doguwar ciyawa, watau kachala, ta toshe hanyoyin ruwa har kwalekwale ba ya wucewa. Dalili kuwa, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar damina ta ragu, ruwa kaɗan kuma yana gudana har cikin rani. Madatsun nan sun amfani manoman rani na Kadawa da Kura, da masu shan ruwan famfo a Kano, ba mu musa ba. Sai dai kachala tana son wurin da ba ya bushewa. Ta cinye gonakin shinkafa, ta rage wa masunta kamu, jan-baki kuma ya sami wurin kwana a cikinta, yana fita ya yi wa hatsi ɓarna.

Tsuntsun nan na kalanda ma yana cikin irin wannan hali. Jiragen kamun kifi suna kwashe ƙananan kifayen da yake ci, har a 2024 masana suka sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Saboda haka, iyaye, in hunturu ya zagayo, ku haɗa kuɗin mota da maƙwabta ku kai yara. Ku tafi da hula da ruwa isasshe, ku bar danƙo a gida, ku kwaso ledojinku, ku kuma kamo hanya tun rana ba ta faɗi ba. Gani ya kori ji. Yaron da ya ga inda ruwan Wudil yake zuwa zai yi tunani kafin ya zuba shara daga kan gada.