Hula a Gaban Injin Jirgi

Manomin da ke huɗa a gonakin Ungogo ko Minjibir ya saba da rugugin jiragen da ke sauka da tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Tun 1925, da jiragen sojan Ingila uku suka fara dira a Kano, jirgi ya daina zama baƙo a wannan yanki. Direban jirgi kowa ya san shi, ko a hoto, da farar riga da igiyoyi a kafaɗa. Wanda ba a cika sani ba shi ne mai tsara tafiyar jirgin.

Shi ne ke zama gaban kwamfuta ya zaɓi hanya, ya duba rahoton yanayi daga hukumar NiMet, ya lissafa man da za a sha da nauyin kaya da fasinja, ya tanadi filin da za a karkata idan hazon hunturu ya rufe Kano. Hukumar NCAA ke ba shi lasisi, kuma ana koyon aikin a kwalejin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. To, yaron da ya fito daga Bichi ko Dambatta ya sami wannan aiki, me zai saka?

Wasu na ganin sai da kwat da nakatayal mutum ke zama ma'aikacin jirgi. Ban yarda ba. A cikin ofis, in dai kamfani bai ba da inifom ba, kaftani mai tsafta da hula zanna ba sa rage wa lissafin mai ko lita ɗaya. Abin da ake bukata can shi ne kayan da mutum zai iya kwana aiki a cikinsu, don aikin na karɓa-karɓa ne, musamman lokacin jigilar alhazai.

Magana tana sauyawa da zarar ya ɗauki takardu ya nufi inda jirgi ke tsaye. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san ba a raɓar bel ɗin injin niƙa da hannun babbar riga yana reto. Injin jirgi kuwa zuƙar iska yake da ƙarfin da zai fizge hula daga ka, iskar bayansa kuma ta yi sama da gyale. Abin da ya faɗi a filin ma haɗari ne. Ranar 25 ga Yulin 2000, wani ɗan sillen ƙarfe da ya faɗo daga wani jirgi ya fasa tayar jirgin Concorde yana tashi daga Paris, mutum 113 suka mutu. Saboda irin wannan ne ake tsintar ko da ƙusa a filin jirgi, hula kuma a bar ta a ofis.

A filin kuwa sai riga mai ƙyalli wadda direban tankar mai zai hango cikin hazo, da takalmi rufaffe mai tauri, ban da silifas. Sai abin toshe kunne: ƙarar da ta kai desibel 85 tana cin ji idan an daɗe cikinta, ta injin jirgi a kusa kuwa tana haura 120. Mace ma'aikaciya ba sai ta cire hijabi ba. Ɗan ƙarami mai kama kai, a cusa bakinsa cikin riga, babu fil ɗin da zai faɗi, ya wadatar.

Akwai kuma batun yadi, wanda aka fi mantawa. Da hunturu, idan iska ta bushe, rigar leda kan yi tartsatsi in ana cire ta cikin duhu. Wannan tartsatsin ba a son sa kusa da jirgin da ake zuba wa mai. Auduga ba ta cika tara shi ba, ga shi tana shan gumi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke wuce digiri 40 kwaltar filin kuma tana turiri. Masaƙan Minjibir, da suka yi suna kan saƙar auduga tun zamanin kakanni, ba za su yi mamakin wannan ba.

Igiyar katin shaida ma a nemi irin wadda ke ɓallewa da kanta in wani abu ya ja ta.