Yadda Kwamfuta Ke Adana Tsohon Soro

A ƙauyukan Bichi, Ɗambatta da Minjibir, idan damina ta kada soron dagaci ko tsohon masallaci, sau da yawa bulo da kwano ne ke maye gurbinsa, siffarsa ta ainihi kuwa ta tafi ke nan. Akwai dabarar da masu zanen gini ke kira BIM wadda za ta iya rage wannan asara.

Ana auna ginin da na'urar leza ko da ɗaruruwan hotuna, sai kwamfuta ta haɗa cikakkiyar siffarsa. Daga nan a liƙa wa kowane sashe bayaninsa: kaurin bango, irin tubalin, yawan azara a rufi, inda gara ta ci, shekarar da aka yi yaɓe na ƙarshe. Lokacin da cocin Notre-Dame da ke Faris ya kama da wuta a 2019, awon leza da wani masani mai suna Andrew Tallon ya yi tun kafin gobarar ya taimaka wajen maido da shi.

Ginin ƙasa yana da tasa wahalar. An tsara manhajojin BIM ne don miƙaƙƙen bangon siminti, namu kuwa yana da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama, kuma kowane yaɓe na sauya shi. Ɗaurin guga ma sai an zana shi da hannu. Na'ura ba ta ganin yadda aka jera azara a cikin laka, ba ta san haɗin makuba ba. Wannan sai an zauna da tsofaffin magina an rubuta daga bakinsu, kuma a ganina da shi ya kamata a fara, domin waya da littafi sun isa wannan aikin.